Hoton da Gwaggo Ta Hana a Nuna

"Cire ta daga otomatik ɗin nan," in ji Gwaggo. "Kyamara ce za ta yi miki tunani?"

Tana kwance a ɗakinta, labule a sake. Maƙwabciyarmu ce, katanga ɗaya ta raba mu. Ta tsufa tana ɗaukar hoton amare kafin ciwon ƙoda ya kwantar da ita, ni kuma bayan la'asar nakan shigo da kyamarata ta koya mini.

Na murɗa zuwa manuwal, na ɗauke ta. Hoton ya fito baƙi ƙirin.

"Buɗe idon kyamarar sosai, ki rage saurin ƙiftawarta. Ki riƙe numfashi mana, hannunki sai rawa yake kamar mazari."

Da na sake, sai ga haske ya kwanta a kuncinta, ga kumburin fuskar, ga furfura ba ɗankwali. Ta daɗe tana kallo.

"Kin iya, 'yar nan. Amma wannan daga ni sai ke. Ban taɓa bari a ga amarya a hargitse ba, balle ni."

Washegari babban ɗanta ya tare ni a ƙofar gida. "Anti, turo mini hoton Mama. Likita ne ke son ganin kumburin, ita ta ce in karɓa."

Na tura masa. Kafin magariba hoton ya shiga kowace waya a unguwa. Ashe watsa shi ya yi, ya haɗa da nasa hoton da ya yi tagumi, mutane sai yabon ɗa nagari suke. Wata 'yar dubiya ce ta nuna wa Gwaggo.

Da na shiga, ta juya wa ƙofa baya.

"Gwaggo, wallahi cewa ya yi likita..."

"Ja mini ƙofar in kin fita."

Na sami ɗan nata a waje, na tambaye shi dalili. Ko kunya babu ya ce, "Haba Anti, addu'a fa ake yi mata. Kuma kowa na tambayar wa ya ɗauka."

Na yi ta komawa, kullum a ce tana barci. Ranar Laraba da hantsi muka ji kuka ta katanga.

Bayan an kai ta, mata suka fito da katifarta suka shimfiɗa a rana. Har yamma gurbin jikinta bai tashi ba.