Rubutun da Ke Jikin Jirgin Ubaidullahi

Shekarar da aka yi babban taron ƙasa, wato konferans, kowa a Zongon Cotonou ya samu baki. Mutanen da suka yi shekaru suna gaida soja da rawar murya, yanzu ko akuya ce ta ɓata sai an zauna an yi mata konferans. A cikin wannan zamani ne Ubaidullahi direba, da kamiyonsa, wato babbar motarsa ta ɗaukar kaya, ya mutu murus, ya sayi tsohon jirgin katako mai zanen kama iska daga wani masunci a unguwar Placodji, don ya riƙa ƙetara wa 'yan kasuwa albasa zuwa ƙauyukan bakin tabki.

Ya yi masa abin da direba ke yi wa mota. Ya shafe shi da koren fenti, ya sa aka rubuta masa ALLAH NE MAI TSARO a gefe, kullum da safe ya wanke shi da sabulu. Amma daga sama kawai.

Kafin damina ta fita jirgin ya soma zama cikin ruwa. Layin fentin ya nutse, ruwa ya hau har ya fara lasar ƙasan rubutun. Ruwan kuwa wanda duk kwatamin Cotonou ke zuba a ciki ne.

Aka yi zama a ƙofar masallaci. Yayansa Alhaji Abdulƙahar, wanda rabin albasar tasa ce, ya ce, “Ko ka goge sunan, ko mu janye kayanmu. Ba za a tsoma sunan Allah a najasa da buhuna a kai ba.”

“Yaya, da hannuna zan shafe sunan Allah?”

“To ɗaga jirgin sama, tunda kai ne injiniya.”

Aka ɗaga hannu, aka fi shi yawa. Dimokuraɗiyya ke nan.

Ya rage lodi, kamar yadda ake yi wa motar da sifirinta ya kwanta. Jirgin bai ko ɗago ba. Da ya koma gida, matarsa Lantana ta ce, “Baban Hafsa, ka tsufa a kwance ƙarƙashin mota. Wannan kuma kunyar cikinsa kake ji?”

Washegari ya tuɓe riga ya shiga ruwa har ƙirji, shi da ko wanka a rafi bai taɓa yi ba. Ya shafa ƙasan jirgin, ya ciro hannu jina-jina. Ƙumba ce, 'yar halittar ruwan nan mai ɓawo mai kaifi, ta manne tun daga kai har gindi, ga gansakuka kamar gemun tsoho, ga wata tsaga da katako ke shan ruwa ta cikinta.

Ya aro kamiyon Karimou abokinsa, suka ɗaura sarƙa suka jawo jirgin kan yashi, ya tallafe shi da jak da tsofaffin tayoyi. Masunta suka taru suna dariya. Bai kula su ba. Ya kankare ƙumbar da karyayyen ƙarfen sifirin mota har ta yi tsibi, ya bar katakon ya sha rana ya bushe, ya cusa tsumma a tsagar, ya dafa kwalta ya shafe.

Ranar da aka mayar da jirgin ruwa, 'yan konferans suka zo gaba ɗayansu, don ba a barinsu a baya wajen kallon faɗuwar mutum. Aka loda albasa, buhu kan buhu. Alhaji Abdulƙahar ya tattare babbar riga ya tsuguna, ya auna da hannunsa. Tsakanin ruwa da rubutun akwai taƙi guda har da ɗoriya.

Ya miƙe yana karkaɗe hannu. “To, ai dama abin da muka ce ke nan.”

“Haka ne, Yaya. Akwai sauran buhu a gida? Aiko a kawo, da wuri.”

Aka kawo, aka ɗora. Ubaidullahi ya ja igiya, zanen ya cika da iska, jirgin ya yanki ruwa da saurin da bai taɓa yi ba, har Karimou ya bi bakin gaɓa da gudu yana ihu, “Direba, taka birki!”