Gyaran Maganar Yaya

Ranar da aka ba ni aikin mai lura da harshe a ƙungiyarmu ta koyon magana a gaban jama'a, ban san Yaya zai zo ba. Aikin ba shi da wuya: ka saurari masu jawabi, a ƙarshe ka tashi ka faɗi inda kowa ya yi tuntuɓen harshe da inda ya burge.

A ɗakin da ke saman laburare muke haɗuwa, mai kujerun roba da fanka mai ƙara. Ina gyara zama sai na ji bugun sanda a matattakala. Yaya ne, matarsa na riƙe da hannunsa. Shi ya fara kawo ni ƙungiyar nan, lokacin yana koyarwa a sakandare, bakinsa kamar reza. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi bara, bai sake tako wurin ba. Ƙafa ta ɗan dawo, amma magana sai a hankali, wata kalmar ta maƙale, wata ta fito a madadinta.

Shugabarmu, likitar haƙori ce, ta sanar cewa yana cikin masu jawabi.

Wani mai gyaran waya ya fara, sai wata akawun banki, sannan Yaya. Ya jingina da tebur, ya ba da labarin yadda ya sake koyon ɓalla maɓallin riga. Gumi ya jiƙa masa wuya. A wani wuri ya tsaya cak yana neman kalma, ba ka jin komai sai fanka. Na cije leɓe don kada in faɗa masa, kamar yadda muka saba a gida. Da kansa ya lalubo ta. Da ya gama aka yi ta tafi.

Aka kira ni. Na ce wa mai gyaran waya ya rage "ka gane ko", don mun gane. Na yaba wa akawu. Na yi godiya zan zauna.

"Auta." Muryar Yaya ce daga baya. "Ni fa?"

"Yaya, ai ka yi ƙoƙari."

"Ba... ƙoƙari na tambaya ba. Gyara."

Kowa ya zuba mini ido. Matarsa ta sunkuyar da kai. Na ga ba mafita.

"To, Yaya, tun farkon jawabinka ka mayar da Anti namiji. Matata ya ce, matata ya kawo. Kuma ka ce ka ɓalla cokalin rigarka kafin ka gyara."

Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Dariya ce, irin tasa ta da, har sandar ta zame ta faɗi. Ɗakin ya ɗauka.

"Ai da gaskiyarsa," in ji matarsa tana share ido. "Ni ce maigidan yanzu."

Na ƙara da cewa inda ya kira maɓalli "ɗan ƙaramin abokin gaba", babu wanda ya yi magana mai daɗin wannan yau. Ya gyaɗa kai, kamar malamin da ɗalibarsa ta ci jarrabawa.

Da aka tashi, Anti ta ja ni gefe a bakin ƙofa.

"Kin san abin da ke cinsa? Kowa lallaɓa shi yake. Ko shirme ya faɗa, sai a ce haka ne. Jiya cewa ya yi mun mayar da shi jariri."

Na san ni ma ina cikin masu lallaɓawar.

Muka tarar da shi a tsakiyar matattakala, ya tsare shugaba, yana so ta sa shi a jawabin mako mai zuwa. Ta ce gurbi ya cika, sai dai na sama. Ya tsaya yana ciniki da ita, kalma bayan kalma, mu kuma muka jira a bayansa har ya gama.