Man Famfo Na Biyu

A tashar tura ruwa kowa 'Yar Kwalba yake ce mata, saboda kullum tana rungume da ƙananan kwalabe kamar mai tallar turare. Aikinta ta auna yawan ɓurɓushin ƙarfen da ke cikin man kowane inji. Inji in yana cin kansa a ciki, ƙarfen da ya goge yana zuba a mai, kuma lambar da na'urarta ke nunawa tana hawa tun kafin kunne ya ji wata ƙara.

Abin da ya hana ta sakat shi ne famfo na biyu. Shi ne mafi tsufa, shi ke ba rabin gari ruwa, amma wata uku ke nan mansa yana fitowa fes, har ya fi na sababbin injuna tsafta. Ranar Alhamis Manaja yake so ta sa hannu cewa famfon zai iya ƙarin wata shida ba a buɗe shi ba. In ta sa hannu ya kuma tarwatse ana tsakiyar aiki, gari zai yi makonni ba ruwa, da sunanta a ƙasan takardar.

Ta zargi na'urar, ta gwada ta da man wani inji, ta ga lafiyarta lau. Ta zargi kwalaben, ta sauya su. A gida ma sai mijinta ya kama ta tana juya cokali a kofin da babu komai a ciki.

"Ke dai ba a iya miki," ya ce. "An ce miki lafiya, kin tsaya neman ciwo."

"Tsoho ɗan shekara saba'in ya ce maka ko gwiwa ba ta taɓa yi masa ciwo ba, za ka yarda?"

"Sai in ce Allah ya ƙara lafiya, in wuce."

Ita kam ba ta iya wucewa. Ranar Laraba da safe ta sauka ɗakin injuna da kanta, abin da ba ta saba ba, domin Baba Makaniki ne ke ɗebo mata man ya kai mata sama. Shekararsa ashirin da shida da famfo na biyu, kuma ko ƙura ba ya bari ta kwana a kansa. Ta same shi a tsugune, ya cika kwalbar daga bututun da ta nuna masa, injin yana aiki, daidai yadda ta koya masa. Har ta fara jin kunyar zargin da ta yi. Sai ta ga ya zaro wani abu daga aljihu: mayen ƙarfe na tsohuwar rediyo, ɗaure da zare. Ya tsoma shi a kwalbar, ya juya a hankali, ya ciro shi da wani gemu baƙi-baƙi a manne. Ya kai tsumma zai share.

"Baba, tsaya!" Sai da ta ɗaga murya saboda rugugin injin. "Me kake yi haka?"

"Tace miki nake, 'yata. Ya za a yi in kawo miki abu da datti? A ce a sama Baba ba ya kula da injinsa?"

Dariya ta zo mata, haɗe da takaici. Ta tuna ranar da ta taɓa ce masa, cikin raha, man nan ya fara datti. Ashe maganar ta zauna masa a rai, kuma tun ranar yake wanke mata shaidar kafin ta iso hannunta.

"Baba, ai dattin nake nema. Man ba ruwana da shi."

"Dattin?" Ya dube ta kamar ta ce ƙaiƙayi take saya ta bar hatsi. Ya ɗora bakin sukudireba a jikin injin, ya kara kunne a ƙotar. "Saurara. Ƙalau yake. Da akwai abu da na ji."

Ba ta yi musu ba, ta ce ya biyo ta da mayen ƙarfen yadda yake. A ɗakinta ta wanke gemun a kan gilashi, ta sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ta leƙa ta daɗe. Garin ƙarfe mai laushi ba abin tsoro ba ne, kowane inji yana zubar da shi. Amma a tsakiyar garin nan akwai ɓawo-ɓawo masu sheƙi, fala-fala kamar ɓawon kifi. Boris, ƙarfen da sandar injin ke juyawa a cikinsa, shi ne ke ɓarewa. Ta matsa masa kujera.

Baba ya cire hula, ya rufe ido ɗaya, ya leƙa. Ya tambayi wanne ne wanne, ta nuna masa. Ya sake tambaya ko daga bututu suka fito, ta ce ƙarfen bututu ba ya sheƙi haka. Ya mayar da hularsa. Ta kira Manaja ta gaya masa ba za ta sa hannu ba, a tayar da famfo na uku, a ba ta kwana biyu.

Baba ne ya kashe famfo na biyu da hannunsa. Da aka buɗe bayan azahar, sai ga boris ɗin da ramuka a jere, har wani wuri ya fara tsagewa. Ya riƙe shi, yana bin ramukan da babban yatsa, tausayinsa ya kama ta sosai.

"'Yata," ya ce, bai ɗago ba, "injin ya daɗe yana jin ciwon nan?"

Ta so ta ce a'a, amma ba ta saba rubuta lambar da ba ta auna ba.

"Ban sani ba, Baba. Wata ukun da za su gaya mana suna cikin tsummanka."