Tawadar Oga Bututu

Da bayan cokali take gugar takardar, daga tsakiya zuwa gefe, lokacin da yayanta ya bankaɗo labule ko sallama babu. Ba ta ɗago ba sai da ta ɓare takardar daga jikin katakon. Ga Oga Bututu ya fito raɗau: tumbi kamar randa, bututun hayaƙi a madadin kai, yana raba wa gawawwaki takunkumin hanci.

"Ke wai so kike ki kashe ni?" in ji Yaya.

"Ni kuma? Ai an riga ni farawa."

Mai Zane ake ce mata a unguwa. Dā a gidan jarida take, tana zanen barkwanci a shafin baya, har ranar da edita ya ce ta daina taɓa masu ba su talla. Ta kwashi fensiranta ta yi gaba. Masu ɗab'i ma suka guje ta, kowa da uzurinsa na ƙarya. Sai ta koma sassaƙa labaranta a jikin katako, ta shafa tawada, ta buga da hannu, ta ɗinke da zare.

Tawadar ma ba saye take ba. Masana'antar narka ƙarfe da ke bayan layinsu kullum sai ta zubo musu baƙar toka, kyauta, ba fashi. Ita take sharowa daga bakin taga ta kwaɓa da mai. Tokar nan ce ta kwantar da Innarsu, kuma a bakin wutar masana'antar Yaya yake neman abincin iyalinsa.

"Manaja ya kama littafinki a hannun leburori," ya ce. "Ya san ƙanwata ce. Ya ce ko in kai masa katakan nan yau, ko kar ya sake ganin ƙafata."

"Ka gaya masa da kayansa nake bugawa. Ya rufe bututun, tawada ta ƙare, kowa ya huta."

"Komai wasa ne a wurinki. Yarana zane za su ci?"

Daga ƙuryar ɗaki tarin Inna ya taso, ya daɗe kafin ya sake ta. "Ba shi, 'yar nan," ta ce. "Don Allah ba shi."

Abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Da manajan ne ya zo da kansa, da ya ji abin da bai taɓa ji ba. Amma ya fi haka wayo, ɗan'uwanta ya turo. Ta jawo katakan daga ƙarƙashin tebur, aikin da ya cinye mata yatsu da idanu, ta jibge a gabansa.

"Kwashe. Amma ka shaida masa katako ya karɓa, hannun yana nan."

Ya sunkuya zai ɗaure su, tari ya sarƙe shi. Ya tofa a hankici ya yi wuf ya cusa a aljihu. Ta riga ta gani. Baƙi ne wuluk, irin na Inna.

"Yaya, tun yaushe?"

Ya ɗora kayan a ka ya fita.

* * *

Ba ta da sauran katako, don haka ta kwance ƙofar kabad ɗin Inna ta shimfiɗa a kan tebur. Ta wasa wuƙarta.

"Ba za ki bari ba ke nan?" Inna ta tambaya.

"Ranar da suka bari, Inna, ni ma zan bari."

Wannan karon ba Oga Bututu ta sassaƙa ba. Wani mutum ne ramamme, da ɗaurin katakai a ka, bakin hankici na leƙowa daga aljihunsa, yana tafiya zuwa ƙofar masana'anta. Da ta zo kan fuska sai hannunta ya tsaya. Ta juyar da shi ya ba da baya, don kar kowa ya gane shi.

Da ta duba gwangwanin tawada, ya bushe ƙaf. Ta ɗauki kwano ta nufi tagar ɗakin Inna, amma ba ta kai can ba. Ta tallafo kan tsohuwar a hankali, ta zare matashin, ta kakkaɓe shi a cikin kwanon.

Baƙar tokar da ta zubo ta isa bugun farko.