Ƙofar Asibiti Ta Ƙi Rufuwa

Bugun farko da Magini ya kai wa ginshiƙin, sai da gudumar ta girgiza shi har kafaɗa. Ya tofa yawu a tafin hannu, ya gyara tsayuwa, ya sake narka masa. Masu babura da ke jiran fasinja a bakin asibitin suka bar baburansu suka matso. Mai gadi ya fito da sauri yana tambayar wa ya sa shi. Magini ya ce babu wanda ya sa shi, shi ya gina abinsa da hannunsa, kuma yau sai kowa ya ga abin da ke cikinsa.

Abin da ya jawo wannan ɗanyen aiki ba ɓoyayye ba ne. Shekarun baya kwamitin unguwa ya ba shi ginin ginshiƙai biyu na ƙofar ƙaramin asibitinsu, ƙanin matarsa mai walda kuma ya ƙera ƙofar ƙarfen mai murfi biyu. Ranar da aka ɗora ta, da ɗan yatsa ake tura sakata. Shekara ta zagayo, sakata ta fara gardama. Mai walda ya zo ya yanke ya sake liƙawa, aka jima ta sake ƙi. Yanzu kam murfin dama ya yi gaba, na hagu ya tsaya baya, akuya na ratsawa ta tsakani ba ta ko gogar jiki, mai gadi sai ɗaurewa yake da tsohuwar robar taya. Jiya da Ciyaman ɗin kwamiti ya tsare mai walda a nan bakin titi, gogan naka ya buɗe baki a gaban jama'a ya ce shi ƙarfensa lafiya lau, a je a tambayi inda simintin ginshiƙi ya kwana.

Maganar ta riga Magini isa gida. Matarsa ta yi ta ba shi baki, ta ce ƙaninta ne, ya san shi, bakinsa ya fi hankalinsa sauri. Haƙurin me kuma? A sana'ar gini, ka yi jinkiri a yafe maka, ka yi tsada a yi maka tsiya a dawo gobe, amma ranar da aka ce kana satar siminti, to ka fara neman wata sana'ar. Ga shi ana shirin ba da aikin sabon ɗakin haihuwa, kuma kowa ya san da shi aka yi magana.

Kafin rana ta ɗaga sosai ya jiƙe sharkaf da zufa, ginshiƙin kuwa da ƙyar ya ba da gefe ɗaya. Rodi ya bayyana, manya, a ɗaure tam kamar jiya aka sa su. Ya ɗauki gutsuren kankare ya miƙa wa wani mai babur mai bakin tsiya, ya ce ya murƙushe masa in ya isa. Mutumin ya doka shi da ƙasa, ya taka, ya sa dutse ya buga, dutsen ne ma ya fashe. Aka kwashe da dariya. Daidai nan Ciyaman ya iso a motarsa, mai walda na biye a babur, fuska a murtuke.

Mai walda ya duba rodin ya kau da kai. Maimakon ya ja bakinsa ya tsuke, sai ya ce ai sama kowa yana gyarawa, abin da ke binne a ƙasa shi ne magana.

Magini ya ajiye guduma ya ɗauki diga.

Ya haƙa gindin ginshiƙin dama har ƙugu, harsashin yana nan daram, ko tsagar gashi babu. Ya bi dandamalin kankaren da ya haɗa ginshiƙan biyu ta ƙarƙashin ƙofa, yana yaye ƙasa da shebur. A tsakiya ne hannunsa ya tsaya. Dandamalin ya rabu biyu, amma ba irin rabuwar da ya sani ba. Mugun kwaɓi marmashewa yake, mugun wuri kuma nutsewa yake. Wannan an yanke shi ne tsaf, rabi ya zame gaba, rabi ya zame baya, rodin da ke ciki ya lanƙwashe yana riƙe da su da ƙyar. A bangon ramin ma ƙasar kala biyu ce, ja a dama, baƙa-baƙa a hagu, da wani siririn layin yumɓu mai santsi a tsakaninsu. Tun yana saurayi yake haƙa ƙasa, bai taɓa ganin haka ba, kuma bai san ko wannan wanke shi zai yi ko ƙara tsoma shi ba.

Wata mata ce ta leƙo ramin, kumatu a kumbure, auduga cushe a baki, yanzun nan aka cire mata haƙori. Ta daɗe tana kallo, sannan ta tattare bakin zanenta ta ce a ba ta hannu ta sauka. Mai gadi ya ce Malama ki rufa wa kanki asiri. Ta ce aikinta ke nan, a ofishin masu binciken ƙasa da duwatsu take, kuma rabon da ta ga abin nan a fili haka tun tana makaranta.

Ta shafa yumɓun da yatsa, ta ce da Magini ya ɗauko igiyar awonsa. Ta sa ya ɗaura ta a kan tsagar, ya ja ta tsallaken titi. Igiyar ta bi ta kan kwatar bakin titi daidai inda ta karkace, inda kullum ruwa ke taruwa ana zagin masu kwangila. Ta wuce ta kan katangar makarantar da ke fuskantar asibitin, daidai inda aka sha yin faci da filasta. Can gaba ma, a jerin turakun lantarki, daga nan ne layin ya goce.

Da rabin baki ta yi musu bayani, tana yi tana dafe kumatu. Ta ce ɓawon duniyar nan ba dunƙule yake ba, falle-falle ne manya, kamar kaskon da ya fashe aka jera gutsattsarinsa, kuma suna zaune ne a kan dutse mai zafi da ke motsi a hankali. Inda biyu suka yi karo, ƙasa ta tattare ta zama tsaunuka. Inda suka ja da baya, ta buɗe ta zama kwari, wani lokaci har wuta ta fito. Inda kuma suke gogar juna suna wucewa, ɗaya gaba ɗaya baya, to ga shi nan a gabansu. Tafiyar ba ta fi tsiron farce sauri ba, amma ba ta hutawa, kuma gara irin wannan mai zamewa kaɗan-kaɗan da wadda ke maƙalewa ta fizge gaba ɗaya.

"Ginshiƙinka ɗaya yana kan wannan falle, ɗayan yana kan wancan," in ji ta. "Ko da tsurar ƙarfe ka zuba su, sai sun rabu."

Magini ya juyo gare ta. Ya ce ta ƙara faɗa yadda na baya za su ji. Ta nuna masa audugar da ta rine da jini, ta ce yau dai iya ƙarfinta ke nan, ta tare babur ta tafi.

Ciyaman ya kama hannun Magini ya ja shi ofis. Ɗan ɗaki ne mai fanka mai kuka, da sikelin auna jarirai a kan tebur, da kwalayen ledojin ƙarin ruwa jibge a lungu. Ya rufe ƙofa ya yi ƙasa da murya. Ya ce shi tun farko bai yarda da zancen sata ba. Amma in aka ce ƙasa na tafiya a ƙarƙashin asibiti, wace mai ciki ce za ta ƙara kwanciya a nan? Sai su koma haihuwa a gida, masu ba da taimako su janye, wahalar shekaru ta tashi a banza. Ya ce ɗakin haihuwar za a matsa da shi nesa da layin, wannan ya ɗauki alkawari, kuma aikin na Magini ne. Abu ɗaya yake roƙo: ya rufe ramin kafin masu dubiya su fara zuwa, ya gyara ginshiƙin, a bar maganar ta mutu da kanta.

Ba mugun mutum ba ne Ciyaman, shi ya sa maganar ta fi ciwo. Magini ya tuna rabonsa da babban aiki tun kafin damina, ya tuna rufin ɗakinsa da ke yoyo. Ya dubi Ciyaman ya ce:

"Ranka ya daɗe, in ta mutu, a kaina za ta mutu. Baɗi ƙofar nan za ta sake ƙi. Me za ka ce wa mutane a lokacin?"

Ciyaman ya ce baɗi Allah ya kai mu.

"To ni ba na rufewa. Ka tara mutane ka gaya musu gaskiya, ka ce za a matsa da ginin, in yi maka aikin da ba ka taɓa gani ba. In ba haka ba, nemi wani."

Ya fito yana tattara kayansa. Mai walda ya raɓo kusa da shi kamar zai taya shi naɗe igiya, ya raɗa masa, Yaya, a yi haƙuri, sharrin baki ne.

"Jiya ba raɗa ka yi ba," in ji Magini. "Ga mutanen nan, ba su tafi ba."

Mai walda ya dubi masu baburan, ya dubi tagar ofis inda Ciyaman ke tsaye da waya a kunne. Tagogi da ƙofofin sabon ginin duk shi aka yi wa alkawarinsu. Ya sunkuya yana gyaran takalmin da babu abin da ya same shi. Magini ya karɓe igiyarsa daga hannunsa.

Bai gama ɗaure diga a bayan keke ba sai ga wanda Ciyaman ya kira ya iso, wani magini ne daga unguwar gaba, mai ƙuruciya da sabon cokalin gini a buhu. Sun san juna, sun taɓa haɗuwa a wani aiki. Ya gaida Magini a kunyace, ya ce shi dai kira aka yi masa, an ce rami zai rufe ya tayar da ginshiƙi.

Magini ya ce ba komai, kowa da iyali. Ya kama kafaɗarsa ya kai shi bakin ramin, ya nuna masa yankakken dandamalin, ya bar shi ya kalla son ransa.

"Ka zuba siminti da kyau, kada ka rage ko cokali ɗaya," ya ce. "Ni ma ban rage ba. Bana ni ne ɓarawon, baɗi kai ne."

Ya hau kekensa ya bi titi. Da ya kai kwana ya waiga, mutumin na nan tsaye a bakin ramin, ko buhun bai kwance ba.