Shirun Falon Mama

Malama na tsaye a bakin ƙofa da mukullai a hannu, tana kallon masu shirya fim suna jan kujerar Mama zuwa gindin taga. Abin ya sosa mata rai, amma ita da bakinta ta ce su zo. Daraktar tsohuwar ɗalibarta ce, ta roƙi aron gidan na wuni ɗaya. Fim ne a kan iyalin da mutuwa ta wargaza, irin wanda za a yi ta nuna maka labule yana kaɗawa, wai baƙin ciki ke nan.

Tun rasuwar Mama gidan yake kulle. 'Ya'ya biyu ta bari, Malama da ƙanenta Auta, mai gyaran firji. Ranar da rai ya yi halinsa a asibiti, wayar Auta na kashe, yana wurin aiki. Da ya iso, Malama ta tare shi a gaban jama'a ta ce, "Ta yi ta kiranka har ta gaji." Magana zarar bunu ce. Auta ya juya ya fice, tun daga nan ko gaisuwa ba ta sake haɗa su ba. Yanzu kuma ta ji yana kwashe kayan shagonsa zai bar garin. Ta sani sarai idan ya tafi a haka, ta rasa ƙane ke nan, amma girman kai ya hana ta ɗaga waya.

Aka zaunar da dattijuwar da za ta fito a matsayin uwa. Darakta ta dube ta, ta ce akwai abin da ya rage. Ta hango tabaran Mama a kan talabijin.

"Malama, don Allah mu ara?"

Malama ta gyaɗa kai, ta kawar da fuska.

Ana tsakiyar ɗauka sai ga ƙarar babur a waje, ya yi wata irin tsayuwa. Aka banko ƙofa. Auta ne, hannunsa duk baƙin mai, idonsa kan kujerar.

"Mama?"

Muryar ta fito ƙarama, kamar ta yaron da ya farka bai ga kowa a ɗaki ba. Dattijuwar ta waiwayo. Auta ya tsaya ya ƙare mata kallo, sannan ya juyo kan yayarsa.

"Yaya, me ke nan? Kujerarta? Har da tabaranta?"

"Wa ya gaya maka muna nan?"

"Wa zai gaya mini? Kullum ta nan nake bi in zan je shago. Na ga taga a buɗe, na ga..." Ya kasa ƙarasawa. "Ku tattara ku fita, dukanku!"

Kullum. Shagonsa ba ta wannan hanyar yake ba, Malama ta sani. Ta buɗe baki, amma abin da ya taso mata faɗa ne, don shi bakin ya saba.

Mai ɗaukar sauti ya riga ta. Wani siririn mutum ne da abokan aikinsa ke kira Kunne, kuma da alama rikicin mutane bai dame shi ba.

"Ranka ya daɗe, za mu fita. Amma ka bar ni in ɗauki shirun ɗakin nan tukuna. Kowane ɗaki da irin nasa shirun, da shi muke cike tsakanin maganganu. Idan babu shi, aikin yau duk ya tashi a banza. Kowa ya tsaya inda yake, ko ƙafa kada a ja."

Kafin Auta ya sami amsa, Kunne ya ɗaga sandar makirufo sama. Mutum goma suka daskare. Dole ta sa Auta ya daskare tare da su, kafaɗarsa na gogar ta Malama a bakin ƙofa.

Ashe falon ba shiru yake ba. Agogon bango na tafiya. Ƙyauren taga na ɗan kukansa. Can nesa wata mata na kiran ɗanta. Malama ta ji numfashin ƙanenta yana fita da ƙyar, ta saci kallonsa, ta ga wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Tausayi ya kama ta, irin wanda ta manta tana da shi. Babu damar magana, don haka babu damar ɓata abin. Ta miƙa yatsu ta kama gefen hannun rigarsa. Bai fizge ba. Hawaye suka zubo musu su biyun, kowa na ƙoƙarin haɗiye nasa.

Sai cikin Auta ya yi wani dogon ƙugi.

Dattijuwar ce ta fara tuntsirewa da dariya, sauran suka bi. Kunne ya sauke sanda yana girgiza kai.

"Shessheƙar mutum biyu, da cikin mutum ɗaya. Wannan shirun ya lalace, sai an sake."

Malama ta goge fuska da gefen mayafi. "Kai, rabonka da abinci tun yaushe?"

"Tun jiya," in ji Auta, yana kallon ƙasa.

"Ga ka nan kamar sandar makirufonsa. Wuce kicin, na zo da abinci a kula."

"Malama," in ji darakta a hankali, "mu ci gaba, ko mu tattara?"

Malama ta dubi ƙanenta. Auta ya daɗe yana kallon dattijuwar da ke kan kujera.

"Ku ci gaba," ya ce. "Amma Baba, ki sauko da tabaran kan hanci. Mama ta samansa take kallon mutum."

A kicin, Malama ta buɗe kula. Tana so ta yi maganar asibiti, tana so ta tambaye shi batun tafiyar, ta rasa ta inda za ta fara. Daga falo suka ji Kunne na cewa a yi shiru. Auta ya miƙa hannu saman kantar kwanuka a hankali don kada ya yi ƙara, ya sauko da faranti biyu.