Ranar da Aka Kai Baba Gbetoho Koyon Aiki

Shekara talatin da huɗu Baba Gbetoho yana gyaran babur a unguwar Akpakpa ta Kotonu, kuma da kunne yake aikinsa. Ka tayar da inji kawai, zai faɗa maka ciwonsa. To ga shi Kotonu ta cika da babura masu batir, ba hayaƙi, ba tari, su wuce ka sumul kamar kyanwa. Ƙungiyar 'yan acaɓan unguwa ta ce ba mai taɓa mata sababbin baburan sai mai takardar horo. Garejinsa har awaki sun fara kwana a ciki.

Sai ya shiga ajin horo na ranar Asabar. Takardar yake nema, amma kuma yana mutuwar son ya san abin da ke juya tayar nan shiru haka.

Wa zai gani a gaban allo? Ayaba! Wadda ta yi shekara biyar tana wanke masa sifana, shi da kansa ya yaye ta. Yanzu uwar 'ya'ya uku ce, da na'urar gwaji a hannu. Tana ganinsa ta rusuna.

Mako uku ana karatu, abu ɗaya ya tsaya masa a rai. Kowa yana shan faɗa.

"Sejiro, waya ce wannan ko igiyar shanya? Kwance!"

Amma in ta zo kansa, sai ta ce, "Ya yi, Maigida." Yau ya yi, gobe ya yi. Ikon Allah! Shi da bai gane ta inda wutar take shiga ba?

Rannan da gangan ya sa jar waya a gurbin baƙa. Ayaba ta duba.

"Ya yi, Maigida."

Ya juya kamar zai sha ruwa, ta madubin babur ya hango ta tana gyarawa da sauri. Nan ya gane. Wanda ka yaye ba ya gyara maka aiki a gaban mutane, ko sama da ƙasa za su haɗu. Jarrabawa kuwa saura mako biyar, kuma baƙi ne za su zo su yi ta.

Ran Lahadi bayan coci ya jawo yayarsa Dansi, mai shekara saba'in, zuwa gidan Ayaba, da kwalba biyu ta giyar sodabi da kiret ɗin lemo, yadda iyaye suke kai ɗa koyon sana'a.

"Ga ƙanena na kawo miki," in ji Dansi, ta dire kwalaben. "Yana da taurin kai, ga surutu. Kada ki raga masa."

"Haba Mama! Maigida ne fa!"

"Maigidan wa? Kai, durƙusa mana, gwiwar ta ƙarfe ce?"

Ya durƙusa, gwiwoyin suna ƙara. Ayaba ta rufe fuska tana kuka tana dariya, amma ta karɓi kwalaben.

Da Asabar ta zagayo, ta tsaya a kan aikinsa ta daɗe.

"Gbetoho," ta ce, "kwance shi duka."

Kunya ta rufe shi, daɗi kuma ya kama shi. Ya jawo kujera kusa.

"To, Malama. Daga ina na ɓata?"

"Tun daga ranar farko."